Fuskar 'Yarsu a Jikin Leda

Ranar da aka kawo samfurin ledojin gidanmu, ina zaune bakin keken ɗinkina a ɗakin da ke kallon falo, ƙofa a buɗe. Don haka ba wanda ya ba ni labarin nan, da idona na gani.

Ƙanina, wanda nake zaune a gidansa tun rasuwar mijina, ya daɗe da mai da garejin motarsa wurin suya. Injin niƙa guda, manyan kaskuna, da mata biyu masu liƙe leda. Abin da yake soyawa wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne na garin masara, da ɗan gishiri da ɗan sukari, masu ƙurus-ƙurus a baki. Daɗi kam akwai shi, ko ni da haƙorana suka fara sallama nakan saci ɗaya in tsotsa. Amma kasuwa ta ƙi. Ledar fara ce sol, da sunan kamfani a rubuce kamar ta maganin tari, ba yaron da ke kallonta sau biyu.

Shi ya sa aka kira ƙanin matarsa, wanda ya yi karatun talla. Ni Mai Dabara nake ce masa, don bai taɓa buɗe baki ya rufe ba tare da ya ce "akwai dabara" ba.

"Maigida, matsalarka ɗaya ce," in ji shi, yana baza takardu a kan tebur. "Kana son ka sayar wa kowa, wanda ke sayar wa kowa kuwa ba ya sayar wa kowa. Mu zaɓi 'yan shekara tara zuwa sha biyu. Sun wuce a saya musu, ba su kai su tara kuɗi ba. Canjin da aka ba su na hutun tara a makaranta yana ƙona musu aljihu. Ba sa son abin jarirai, ba sa son abin da uwarsu ta ce yana gina jiki. Abin da za su nuna wa abokinsu su yi dariya suke so. Leda ƙarama da za ta shige aljihun wando, launi mai ihu, suna gajere da za a iya kira daga ƙarshen fili."

Ƙanina yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Matarsa kuwa murmushi take, wai ɗan ɗakinsu ne ke zuba wannan basira.

Samfuri uku ya kawo. Ɗaya da zanen zaki, ɗaya da ƙwallo. Na ukun da ya ɗaga, sai da ƙafata ta tsaya a kan keke. Fuskar 'yar gidan ce.

Yarinyar tana shekara goma sha ɗaya. Tun tana zanin goyo ubanta ke ce mata Kumatu, don Allah ya ba ta su, manya, masu taushi, irin waɗanda baƙo ke kasa haƙuri sai ya ja. Suna ne na ƙauna, na cikin gida, ko a bakin ƙofa ba a kiranta da shi. Hoton kuwa uwarta ce ta ɗauka da waya wata rana da ta kama ta a gareji ta cika baki da kayan suyar, ido ya fito waje don tsoro, kumatun sun yi tim. Mun yi dariyarsa a lokacin, har da ita. Yanzu ga shi Mai Dabara ya ƙara wa kumatun girma da na'ura, ya ɗora a kan launin ruwan lemo, ya rubuta KUMATU da manyan baƙaƙe. A ƙasa kuma: Cika baki, a ji ka!

"Wannan ai 'yata ce," ƙanina ya ce, yana dariya.

"Ba ni zan zaɓa ba, ba kai za ka zaɓa ba," in ji Mai Dabara. "Masu sayen za su zaɓa. Haka ake yi a manyan kamfanoni. A tara min yara."

Manyan kamfanoni ban san inda suke samo nasu yaran ba. Mu dai da yake sauƙi ake nema, matar ƙanina ta buga wa iyayen 'yan ajin yarinyar waya. Da yammacin Asabar falo ya cika da yaran da take zama benci ɗaya da su. Aka ba ta tire ta raba musu ruwa.

Mai Dabara ya ɗaga ledar zaki. Suka kalla, wani ya yi hamma. Ya ɗaga ta ƙwallo, mazan suka ce ba laifi. Ya ɗaga ta ukun.

Sai wata 'yar siririya ta kalli ledar, ta kalli mai riƙe da tire, ta toshe baki. Shi ke nan aka kece. Wani har da faɗowa daga kujera. Wani ya hura kumatunsa ya zaro ido, sauran suka bi. Na zauna da yara da yawa a rayuwata, na san dariyar jin daɗi, na san dariyar da ake yi wa mutum. Wannan ta biyun ce. Ita kuwa tana tsaye a tsakiyarsu da tiren a hannu.

"Kun ji?" Mai Dabara ya juya ga iyayen, fuskarsa tana ƙyalli. "Wannan ƙarar da kuke ji, ita ce kasuwa."

Da yaran suka watse na fito na ce, "Baban Kumatu, ba ledar suke wa dariya ba, 'yarka suke wa."

"Kai, Yaya, ke ma dai. Yara ne."

"To ka tambaye ta mana."

Ya tambaye ta kuwa, irin tambayar da manya ke yi wa yaro. Ya jawo ta jikinsa, ya ja kumatun, ya ce, "Uwata, kina son ki taimaki Babanki ko ba kya so?" Wace 'ya ce za ta ce ba ta so? Ta sunkuyar da kai ta ce tana so. Ya dube ni ya buɗe hannuwa, wai na ji da kunnena.

Kaya suka fita, kuma ba zan yi ƙarya ba, Mai Dabara ya san aikinsa. Kafin wata ya zagayo an ƙara kasko, an ƙara mata masu liƙi, an sayo musu injin liƙi. Shagunan bakin makarantu suka rataye ledojin jere-jere. Yara suka ƙirƙiro gasa da kansu, a ga wanda zai juye leda guda a baki ya kuma iya kiran sunan. Gidanmu aka sake fenti, aka canja labule.

Abin da ba wanda ya yi tunaninsa shi ne inda leda ke zuwa bayan an cinye abin da ke ciki. Wata rana na raka yarinyar makaranta, zan wuce sayen zare. Tun daga kan kwana na fara ganin fuskarta a ƙasa. A cikin kwata, a ƙarƙashin tayar mota, a jikin wayar shinge iska na kaɗa ta, a bakin akuya. Ita kuwa tafiya take tana tsallake su ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda ta taka ko guda ba. Muna isa bakin ƙofa wani ya ƙwala, "Cika baki!" sauran suka amsa, "A ji ka!" Ta saki hannuna ta shige da sauri, ba ta waiwayo ba.

Ta dawo ran nan da leda liƙe a bayan rigarta, da cingam aka manna. Ni na cire mata. Na tambaye ta tun yaushe take yawo da ita, ta ce ba ta sani ba, amma tun kafin tara take jin ana dariya in ta wuce.

"Ina ƙawarki, wadda kuke dawowa tare?"

"Ta ce in tana tafiya da ni ita ma hura mata kumatu ake yi."

"Malaminku fa?"

Ta murza bakin rigarta. "Shi ma yanzu haka yake kirana, Gwaggo. In ya kira, sai duk aji su hura."

Na kai maganar gaban uwarta tana lissafin katan a tsakar gida. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Yaya, hassada ce kawai. Wasu iyayen neman hanya suke a sa 'ya'yansu a talla, ba su samu ba. Ita ta samu a ɗakin uwarta. In ta girma za ta gode mana."

"In ta girma da me?"

"Wallahi Yaya kina da ɗaukar abu da zafi. Wa ba a tsokana ba yana yaro? Ni Mai Kunne ake ce min har na gama makaranta, na mutu?"

"An buga kunnenki a leda an watsa a kwata?"

Ta ce wa mai ɗaukar kaya ya yi hankali da katan ɗin ƙasa.

Na je makarantar da ƙafata. Shugaban ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo min kujera. A bayansa, jikin bango, akwai hoton 'yan wasan makarantar sanye da sababbin riguna ruwan lemo, kyautar kamfanin ƙanina, kowace da fuskar yarinyar a ƙirji. Ya ce zai ja kunnen malamin. Ya ce amma in yi haƙuri, yaran yanzu sai addu'a, kuma ai suna ta yi, ko shi alfahari yake da ita. Na kalli hoton, na san kujerar kawai zan samu a wurin nan.

Daga nan ta fara sa takunkumi, irin na asibiti, wai mura take. Murar ta ƙi ƙarewa. Da shi take zuwa makaranta, da shi take dawowa, sai ta shigo ɗakina take cirewa. Ɗakina ya zama maɓoyarta, don ni kaɗai ce ba ni da katan a ɗaki. Akwai dogon madubi da masu ɗinki ke duba kaya, sai in ga ta tsaya gabansa ta tsotse kumatunta ciki, ta juya dama, ta juya hagu, ta daɗe a haka har numfashi ya gagare ta.

"Gwaggo, in mutum ya rame, ina ne ke fara raguwa?"

Na ce, "Wace irin tambaya ce wannan? Zo ki zare min wannan ɗinkin."

Ba ta sake tambaya ba. Amma kyanwar maƙwabta ta fara ƙiba. Kullum tana gindin katangarmu ta baya, tana lasar baki. Wata rana na leƙa na ga shinkafa a zube, da burodin safe, da ƙwan da aka soya mata. Na ritsa ta, ta ce cikinta ne ke ciwo. Na zauna na sa ta a gaba da faranti, ta yi loma biyu tana hawaye, ta tashi da gudu ta shiga banɗaki. Na ji abin da take yi a ciki, hankalina ya tashi.

Siket ɗin makarantarta ya fara zamewa. Ta kawo min in rage. Na rage. Ba a daɗe ba ta sake kawowa. A karo na gaba ban taɓa shi ba, na ɗauke shi na tafi gareji, inda ubanta ke tsaye kan masu suya, na miƙa masa.

"Riƙe wannan. Dubi inda ɗinkin farko yake, dubi inda yake yanzu. 'Yarka ba ta cin abinci."

Ya juya siket ɗin a hannunsa. Na ga abin ya taɓa shi, don ƙanina ba mugu ba ne, kuma wannan shi ya fi ba ni haushi. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

"Tsayi take yi, Yaya. Shekarun ke nan."

"Tsayi ne ke zuba wa kyanwa shinkafa? Ka cire fuskarta daga ledar nan."

Ya ja ni gefe, ya nuna min kusurwar garejin. Naɗe-naɗen leda ne jibge har kusa da rufi, kowane ya kai girman turmi, fuskarta a jere a jiki ba iyaka.

"Kin ga wannan? In zubar? Kuma don wa nake wannan wahalar? Duk abin nan nata ne, ita za ta gada. Ki bari wannan ledar ta ƙare, sai mu canja. Na yi miki alkawari."

Ledar ba ta ƙare ba. Wato ta ƙare, amma kafin naɗin ƙarshe ya sauka daga inji, motar maɗaba'a ta sauke wasu. Da na yi magana ya ce tun tuni aka ba da aikin, ba yadda za a yi a fasa. Na gaya wa uwar zan kai yarinyar asibiti, ta ce kar in ja musu bakin duniya, a ce 'yar masu sayar da abin ci tana ciwon yunwa. Ta sayo maganin ƙara cin abinci a kemis, kwalba biyu. Yarinyar na sha a gabanta ta je ta amayar.

Abin da idon uwa bai gani ba, idon kyamara ya gani. Mai Dabara ya zo da sabuwar dabara, wai hoto ya tsufa, yaran yanzu bidiyo suke kallo a wayar iyayensu. Za a fito da sabon ɗanɗano mai yaji, kuma Kumatu da kanta za ta buɗe gasar cika baki. Aka share falo, aka kafa fitilu, aka rataya zane ruwan lemo. Aka ce ta cire takunkumi.

Mai ɗaukar hoton ya leƙa na'urarsa, ya ɗago, ya kalli ledar da ke hannun Mai Dabara, ya sake kallonta.

"Ita ce kuwa?"

A ƙarƙashin wannan hasken ba abin da ke ɓuya. Ƙasusuwan fuskarta sun fito, idanun sun faɗa, wuyan kamar a busa ya karye. Na ce a raina, to, yau dai Allah ya nuna musu. Na jira in ji uwar ta yi salati.

Ta yi salatin kuwa. Sannan ta ce, "Ke wace irin yarinya ce? Kin ga abin da kika ja mana? An biya masu fitila, an biya mai hoto!"

"Anti, kwantar da hankalinki," in ji Mai Dabara. "Akwai dabara. A samo auduga."

Ban gane ba sai da na ga ya yagi auduga ya dunƙula, ya ce ta buɗe baki. Na tashi tsaye.

"Wallahi ba za a yi wannan a gabana ba!"

"Yaya, minti nawa ne?" ƙanina ya ce, bai kalle ni ba. "A gama a huta. Daga wannan shi ke nan."

"Kai ma ka faɗa? Kai da ka raɗa mata sunan nan tana tsumma?"

"Gwaggo, ko a manyan finafinai haka ake yi," Mai Dabara ya sa baki. "Kwalliya ce kawai."

Na kama hannunta zan fita da ita. Uwar ta riƙe ɗayan, ta ce min a hankali, yadda baƙi ba za su ji ba, ita ta haifi abarta, kuma wanda ke zaune a gidan wani ya kamata ya san iyakarsa. Yarinyar ta ji. Ta dube ni, ta zare hannunta daga nawa da kanta.

"Bari kawai, Gwaggo. Zan yi."

Don kar a kore ni ta yi. Na san haka, kuma har gobe in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Suka cusa mata audugar dama da hagu, suka shafa mata hoda, suka ba ta leda. Aka ce ta juye a baki, ta zaro ido, ta faɗi taken. Ta juye. Yajin ya shaƙe ta, ta yi tari, audugar ta faɗo a jiƙe. Aka sa wata. Aka sake. Hawaye na zuba, Mai Dabara na cewa, "Yawwa, bar hawayen, zai nuna yajin na gaske ne. Yara za su so wannan." Ubanta ya fita waje, wai zai duba wuta a gareji.

Bidiyon ya yi farin jini fiye da ledar. Ranar da ta koma makaranta, yara sun riga sun haddace har da tarin.

Ban san abin da ta ci a kwanakin da suka biyo baya ba, in ma ta ci. Ta daina zuwa gaban madubi, ta daina magana. In ta shigo ɗakina sai ta kwanta a kan tarin yadi ta juya wa ƙofa baya. Na yi niyyar ranar Litinin zan ɗauke ta daga makaranta in wuce da ita asibiti, kowa ya ce abin da zai ce. Ba mu kai ga haka ba. Da safen nan, ana tsaye a layi, ta yanke jiki ta faɗi. Aka ce da aka cire mata takunkumi don ta sha iska, malamin ajinsu ma sai da ya ja da baya.

A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa. Sai da ma'aikaciyar jinya ta sha wahala kafin ta sami jijiya. Likitar, wata mace mai ƙaramar murya, ta fito da mu baranda ta tambayi tun yaushe yarinyar ta daina cin abinci. Uwar ta ce ai tana ci, tsirfa ce da ita. Likitar ta dube ta kawai. Ta ce wannan ba ciwon ciki ba ne, yarinya ce ta ƙi jinin jikinta, kuma irin wannan yana kashewa. Ta ce za a daɗe ana magani, kuma maganin ba ya cikin kwalba, sai an kawar da abin da ya kai ta ga haka. Ta tambaya ko mun san mene ne.

Ni na amsa.

Mai Dabara bai zo ba, waya ya bugo. Ina jin muryarsa daga wayar yayarsa yana cewa a yi hankali kar labari ya fita, kar a haɗa sunan kaya da asibiti, in an tambaya a ce zazzaɓi ne. Hausawa suka ce naka shi ke ba da kai, da ina ɗauka zancen manya ne da abokan gabansu. Ban san har yarinya 'yar sha ɗaya zai iya hawa kanta ba, a falon ubanta, da hannun masu cewa don ita suke yi.

Ƙanina ya shiga ya zauna bakin gadon. Ya ɗauki hannunta, wanda ba ya ɗauke da allura, ya kifa goshinsa a kai ya yi kuka. Kuka na gaske, kafaɗunsa na rawa. Ya kai hannu fuskarta yadda ya saba, zai ja kumatu, yatsunsa suka rasa abin kamawa. Ya janye hannun.

Na bari ya nutsu, sannan na ce, "Baban yarinya, yau za ka sa a tsayar da injin liƙin nan. Yau."

Ya share ido da bakin riga.

"Za a canja, Yaya. Wallahi za a canja. Na riga na gaya wa kawunta ya fara zana wani abu." Bai kalle ni ba. "Da zarar wannan ledar ta ƙare."

Ba ni da sauran magana a bakina da ba zagi ba, kuma ba a zagi a gaban marar lafiya.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani yaro sa'anta, an ɗaure masa ƙafa da filasta. Kakarsa ta dawo daga shagon bakin asibiti ta miƙa masa wani abu, na ji ƙarar yage leda. Ko ban juya ba na san launinta. Ya juye a baki, ya hura kumatu, ya zaro wa kakar ido, ta yi dariya ta ce Allah ya shirye shi.

Na ji jikin yarinyar ya sandare. Ta laluba gefen filo tana neman takunkumi, babu, an cire mata tun a makaranta. Na matsa zan tare ta da jikina, amma yaron ya riga ya juyo. Ya kalle ta sosai, irin kallon da yara ke yi ba kunya. Ledar tana hannunsa, fuskar tana kallonmu. Ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya miƙo mata ragowar.

"Za ki ci?"

Ta girgiza kai. Ya ɗaga kafaɗa ya koma kan abinsa.

Sai na ji yatsunta sun matse nawa. Na sunkuya. Leɓunanta sun bushe sun tsage, amma murmushi take yi, na farko da na gani a fuskarta tun ranar da ta riƙe tiren nan a falo.

"Gwaggo," ta ce, muryar da ƙyar take fita, cike da murna. "Kin gani? Bai gane ni ba."

Ubanta na zaune a wurin, ya ji. Wayarsa ta fara ƙara a aljihu, daga gareji ake nemansa. Ta yi ta ƙara, bai ɗauka ba, bai kuma kashe ba.